Kwano Biyu a Bakin Tekun Hua Hin

"Ba zan zauna a ɗaki ba, Khun Mae."

Na faɗi haka tafukana a haɗe a ƙirji, kaina a sunkuye kamar yadda aka koya min a gida, amma muryata ko rawa ba ta yi ba.

Mahaifiyar saurayina Teng, wadda nake kira Khun Mae don girmamawa, ta ajiye kofin shayinta. Ta zare gilashin idonta, ta yi min kallon sama da ƙasa, tun daga gashina har zuwa silifas ɗin robar da ke ƙafata.

"Me kika ce, Lamduan?"

"Na ce gobe da asuba zan fito bakin ruwa. Ni na shirya sadakar nan."

"Tabɗi. Ashe a jami'a har da mayar wa manya magana ake koya muku? Na ɗauka allurar karnuka ce kawai."

Muna zaune ne a barandar masaukin da na kama mana, iskar teku tana kaɗa labule, karenmu Kapi yana kwance a ƙarƙashin kujerata yana gurnani ƙasa-ƙasa. Tun da matar nan ta zauna bai daina ba.

Ni na shirya tafiyar nan daga farko har ƙarshe. Gobe Teng, saurayina, zai cika shekara ashirin da biyar, shekarar da kowa ya san ba a wasa da ita. Wani mota ce take bugewa, wani ruwa ne yake ci. Shi ya sa na ce ba biki da kiɗa zan yi masa ba. Da asuba, idan sufayen haikali suka biyo bakin ruwa da kwanukansu na karɓar sadakar abinci, za mu tsaya ni da shi mu zuba musu shinkafa daga kwano ɗaya. Tun ina yarinya nake jin kakata tana cewa waɗanda suka yi sadaka daga kwano ɗaya ba sa ɓacewa juna, ko a rayuwa mai zuwa sai sun sake haɗuwa. Babu yarinyar da ba ta san wannan ba a ƙasarmu.

Bayan sadaka, jirgin ruwa zai shiga da mu kurmin da ke bakin kogin Pranburi. Na sha wahala kafin na samu mai jirgin da ya yarda da kare, har rigar ninƙaya na saya wa Kapi, ruwan lemo, da ɗan mariƙin ɗagawa a baya. Daga nan sai cin kaguwa a wata rumfa da ake barin kare ya kwanta a ƙarƙashin tebur. Mahaifiyata ta aiko min da sabuwar shinkafar gonarmu daga Roi Et, ta haɗo da tsohon kwanonta na tagulla.

Mu biyu da karenmu, haka muka yi da shi.

Sai ga baƙar mota yau da rana ta tsaya a ƙofar masauki. Mahaifiyarsa ta fito, Linchi ta biyo ta, 'yar aminiyarta, waɗanda shagonsu na zinariya yake manne da na su Teng a Bangkok.

"Ki saurare ni da kyau," in ji Khun Mae. "Mai dubanmu ya lissafa. Shekarar haihuwarki da tasa ba sa shan inuwa ɗaya. A shekara mai haɗari irin wannan, Linchi ce za ta riƙe masa kwano. Ke kuma wannan dabbar ba za ta bari a tsaya gaban sufaye da natsuwa ba. Ki riƙe shi a ɗaki har mu gama. Ai aikinki ne."

"Aikina yana asibiti, Khun Mae. Nan hutu na zo da saurayina."

"Saurayinki." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna dutse a cikin shinkafa. "Shekara nawa kina wannan mafarkin? Na hana ku, kun ƙi ji. Na yi shiru ina jira ya gaji. Ba ki da laifi, yarinya, kin yi ƙoƙari, daga gona har kin zama likita. Amma ƙoƙari daban, dangi daban."

Na buɗe baki zan amsa ke nan, sai Kapi ya ɗaga kunnuwa.

Dole in gaya muku wane ne Kapi. Karen titi ne, a ƙarƙashin gada na tsince shi mota ta farke masa cinya. Ni na ɗinke shi da hannuna. Tun daga lokacin bai yarda da kowa ba sai ni da Teng. Ya ciji mai kawo gas, ya yaga wandon abokin aikina, masinja kuwa daga bakin titi yake jefo kaya ya gudu. A gidan Teng yake zaune, don ɗakunan ma'aikatan asibitinmu ba a yarda ko kyanwa ta kwana ba.

Ya zabura ya fice da gudu. Na miƙe da sauri, don na hango Linchi tana tahowa daga wajen mota, Teng yana biye da ita da jakunkuna.

"Kapi! Dawo! Ki tsaya inda kike, zai cije ki!"

Ba ta tsaya ba. Durƙusawa ta yi ta buɗe hannuwa.

"Kapi! Ɗan gidana!"

Karena ya faɗa jikinta. Ya lashe mata haɓa, ya yi juyi, ya kwanta ya baje mata ciki yana kaɗa bindi har yashi yana tashi. Ta buɗe jakarta mai tsada ta ciro busasshiyar hantar kaza.

"Yi gaisuwa tukuna. Yi gaisuwa, ɗan ƙwarai."

Kapi ya zauna a kan ƙafafunsa na baya, ya ɗaga na gaba ya haɗa su a ƙirji.

Ban taɓa koya masa wannan ba. Kuma na san ba a koya wa kare irin wannan a zuwa ɗaya ko biyu.

Linchi ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta haɗa tafuka ta gaishe ni da gajeren sunana, fuskarta fes kamar farin wata.

"Ina wuni, Pi Duan. Kunnen nasa ya warke kuwa? Ni na ce wa Hia Teng ya gaya miki yana yawan sosawa."

Hia. Haka 'yan gidansu suke kiran babban wa. Ni ban taɓa samun wannan izinin ba, Pi Teng nake ce masa, wato Yaya Teng, kamar kowane baƙo.

Na dubi Teng. Ya tsura wa jakar hannunsa ido kamar yau ya fara ganin jaka.

"Ya warke," na ce. "Na gode da kulawa."

A bayana na ji Khun Mae ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

Sai da rana ta yi sanyi na samu Teng shi kaɗai. Na ce ya zo mu zaga da kare, ya biyo ni ba musu. Ruwa ya janye, masu dawakan haya suna komawa gida, yara suna tonon ƙananan kaguwa. Da muka yi nisa na jefa masa tambaya.

"Tun yaushe?"

"Duan..."

"Tun yaushe take zuwa gidanka, Pi Teng?"

Ya shafa ƙeya. "Tare da Mama suke zuwa. Ranar Lahadi, su kawo abinci."

"Ranar da nake kwanan aiki."

"Ba ni na zaɓi ranar ba."

"Kapi bai yarda da mahaifiyarka ba har yau. Ita yake baje wa ciki. To ina mahaifiyar taka take zuwa idan sun zo?"

Na tsaya na fuskance shi.

"Takan je kasuwa," ya ce a hankali. "Ta bar ta."

Hoton gidansa ya zo min a rai. Na ga falon nan da na share da hannuna, na ga labulen da na zaɓa, na ga Linchi zaune a kujerata ta naɗe ƙafa, karena ya ɗora mata kai a cinya.

"A wane kofi take shan ruwa?"

"Haba, Duan, wace irin tambaya ce wannan?"

"Mai hoton kifin nan? Nawa?"

"Ni ina na sani? Kofi ai kofi ne!"

"Ta yi masa wanka?"

"Sau ɗaya. Ya shiga kwata ne."

"Da tawul ɗina ta goge shi?"

Dariya ta so ƙwace masa, ya ga fuskata ya shanye ta. Ni kuwa hawaye ne suka zubo, na goge da bayan hannu da ƙarfi, don na tsani ya ga ina kuka.

"Na rantse miki babu komai tsakanina da ita. Tare muka taso, kamar ƙanwa take a wurina. Ko hannunta ban taɓa riƙewa ba."

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Saboda wannan. Dubi yadda kika koma."

"Au, ni ce ma mai laifin? Ka ce min kai ka lura da kunnensa. Har na yaba maka, na ce Pi Teng ya fara zama uba nagari. Ka karɓi yabon kana murmushi!"

Ya kama hannuna, na fizge.

"Kuma wa ya gaya musu inda muke?"

"Mama ta yi ta kuka a waya. Kin san yayan Baba yana shekara ashirin da biyar ya rasu, jirgin ruwa ya kife da shi. Tun da watan nan ya kama ba ta barci. Me kike so in ce mata? In ce ba zan gaya mata inda ɗanta yake ba?"

Wannan ya ɗan sanyaya min jiki, ba zan ɓoye ba. Na san tsoron uwa. Amma tsoro bai hana ta tsayawa ta ɗauko Linchi a hanya ba.

"Ki ji ni, Duan." Ya sassauta murya, irin muryar da ya san tana kashe min jiki. "Shinkafa ce fa kawai. Safiya ɗaya. Ki bar ta ta yi abin da zai kwantar mata da hankali, su hau mota su koma. Da hantsi sai mu je haikali ni da ke, mu yi tamu sadakar daga kwanon mahaifiyarki. Mu hau jirginmu, mu ci kaguwarmu. Ba wanda ya rasa komai."

"Idan shinkafa ce kawai, ka je ka gaya wa mahaifiyarka haka. Ka ce mata shinkafa ce kawai, ta bar Lamduan ta riƙe."

Ya kau da kai yana kallon teku.

"Ka gani? A wurinta ba shinkafa ba ce. A wurin Linchi ba shinkafa ba ce. Ni kaɗai ake so in zama wawuya."

"Na sha faɗa da Mama a kanki. Kin sani."

"Na sani. Ni ma na sha zama a mota a ƙofar gidanku kana ciki kuna bikin sabuwar shekara. Na sha jin ta gabatar da ni ga baƙi a matsayin likitar karenka, na yi murmushi na gaishe su. Ranar da ta ce a buɗe taga don warin kifin garinmu ya fita, ban gaya maka ba ma. Duk na shanye, Pi Teng, saboda kana cewa in ƙara haƙuri. Amma ba zan zauna a ɗaki ina leƙe ta taga wata tana ɗaure kanta da kai har rayuwa mai zuwa ba."

"Ke da kika yi karatun kimiyya kin yarda da wannan?"

"Ban sani ba ko na yarda. Na dai san abin da duk wanda ya gan ku zai fahimta."

Idanunsa suka kawo ruwa. Ya durƙusa yana shafa kan Kapi don kada in gani.

"Kada ki sa ni zaɓi a gaban mutane, Duan. Don girman iyayenki."

"Ba ni na kawo kwano na biyu ba."

Tun kafin gari ya waye na shiga kicin ɗin masaukin. Mai gidan ta ba ni izini tun ranar da muka zo. Na wanke shinkafar gonarmu na ɗora, ƙamshinta ya cika wurin, har na ji kamar ina tsakar gidanmu.

Ban daɗe ba Linchi ta shigo, sanye da farar riga, gashinta a ɗaure. Tana rungume da wani kwanon azurfa mai zane, wanda ko ba a gaya min ba na san na gado ne.

"Ina kwana, Pi Duan. Akwai murhun da ba kowa?"

Na nuna mata da haɓa.

Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa tana kallon tukunyarta. Ruwan da ta zuba ya yi yawa. Na gani na yi shiru.

"Shinkafarki tana da ƙamshi," ta ce.

"Ta gona ce. Ba a sayar da irinta a shagon zinariya."

Ta yi murmushi, ba ta ji haushi ba. Abin da ya fi ƙona min rai da ita ke nan.

"Kin tsane ni, ko?"

"Ban san ki ba balle in tsane ki. Karena ne ya san ki."

"Ya cije ni fa, ranar farko." Ta ja hannun rigarta ta nuna min tabo a tsintsiyar hannu. "Sai da aka yi min allurai. Na roƙi Hia kada ya gaya miki. Mako na zagayowa na dawo da hanta."

"Me ya sa?"

"Saboda Hia yana son sa."

Ta faɗi haka kai tsaye, ba kunya, ba gadara.

"Tun muna 'yan makaranta nake son sa, Pi Duan. Ya sani, Mama ta sani, ke ma gara ki sani. Bai taɓa kallona yadda yake kallonki ba. Ke ce yake so, ba na musu. Amma ni ba ni da girman kai irin naki. Idan aka ce in zauna a ɗaki zan zauna. Idan aka ce in jira a mota zan jira. Ba na gajiya."

Mama. Ita ma Mama take ce mata.

Na ji kamar in ɗauki ludayi in kwaɗa mata. Da ta zage ni da na fi jin daɗi, da na san abin da zan mayar. Na sauke tukunyata, na kwashe shinkafar na zuba a kwanon tagulla.

"Nong Linchi," na ce ina fita, na kira ta yadda ake kiran ƙanwa, "ki rage ruwan nan. Kunu za ki ba sufaye."

Gabas ta fara ja lokacin da na isa bakin ruwa, kwano a hannun dama, igiyar Kapi a hagu. Mutane jefi-jefi sun shimfiɗa tabarmi suna jira. Na hango su ukun. Khun Mae a gefe da kwandon furanni da 'ya'yan itace, Linchi da kwanon azurfa, Teng a tsakiya sanye da rigar da na saya masa.

Khun Mae ta gan ni. Fuskarta ta haɗe.

"Likita, kin yi ɓatan hanya. Ɗaki yana can."

Na ajiye kwano a kan tabarma na gaishe ta yadda ya kamata. Sannan na cire takalmina, na zagaya na tsaya a ɗaya gefen Teng.

"Barka da zagayowar ranarka, Pi Teng."

"Duan..." Ya dubi mahaifiyarsa.

"Teng, ka gaya mata ta koma," in ji mahaifiyarsa ƙasa-ƙasa, don kada na kusa su ji.

Ga sufaye nan sun taho a jere a kan jiƙaƙƙen yashi, ba takalmi, mayafansu ruwan goro suna kaɗawa. Ba a jayayya a gabansu. Dukkanmu muka durƙusa. Na ce wa Kapi ya kwanta, ya kwanta lamo, ko haushi ɗaya bai yi ba.

Babban cikinsu ya tsaya a gabanmu ya buɗe murfin kwanonsa, idonsa a ƙasa.

Muka miƙe. Linchi ta ɗaga kwanon azurfa. Na ɗaga na tagulla. Tururi yana tashi daga kowanne, cokali a cikin kowanne.

Teng ya dubi dama, ya dubi hagu.

Ban roƙe shi da ido ba. Na tsayar da kallona a kan teku. Ina ce masa a raina: hannunka kawai za ka miƙo, Pi Teng. Ba faɗa na ce ka yi ba, ba gudu na ce mu yi ba. Cokali ne kawai.

Na ji numfashin mahaifiyarsa ya sauya, kamar mai shirin kuka.

Sai na ji ƙarar cokali a jikin azurfa.

Na juyo. Ya ɗebi shinkafar Linchi, jiƙaƙƙiya, tana manne wa cokali. Ya zuba a kwanon sufin. Linchi ta sa yatsunta biyu ta taɓa gwiwar hannunsa, kamar yadda ake yi don a raba lada. Idonta a rufe, leɓenta yana motsi.

Wuta ta kama ni daga tafin ƙafa har tsakiyar kai.

Da sauri ya ajiye wancan cokalin ya juyo wurina, ya miƙo hannu zai ɗauki nawa. Fuskarsa har da ɗan sauƙi a cikinta, wai shi ya samo dabara. A ba wannan, a ba waccan, kowa ya tafi da murna.

Na janye kwanona.

Hannunsa ya tsaya a iska.

"Duan, don girman..."

"Ka riga ka zuba," na ce a hankali.

Na matsa gefe taki ɗaya. Na ɗebi shinkafar mahaifiyata da hannuna na zuba wa sufi na farko, na zuba wa na biyu, har na ƙarshe. Ni kaɗai. Da suka fara addu'a na durƙusa na haɗa tafuka, hawaye suna ɗiga a kan yatsuna, ban goge ba. Ladar dai na roƙa masa. Na ce duk abin da shekarar nan ta ɗauko na sharri ya wuce shi, ruwa ko mota ko ciwo. Wannan ban iya hana kaina ba.

Sufaye suka wuce. Na miƙe.

Khun Mae tana share ido da hankici, ta dafa kafaɗar ɗanta. Ba ta ko kalle ni ba. Ta samu abin da ta zo nema.

Teng ya biyo ni har ƙofar masauki, yana magana yana haɗa kalmomi.

"Na so in ɗebi naki ma! Kin gani da idonki! Me ya rage ban yi ba?"

"Na gani."

"To mene ne? Wanda aka fara da wanda aka ƙare, duk ba kwano ɗaya suka shiga ba?"

"Haka rayuwarmu za ta kasance, Pi Teng. Ita da safe a gaban mutane, ni da hantsi idan sun tafi."

"Ba aurenta na yi ba!"

"Yau ba ka aure ta ba."

Na shiga ɗaki na haɗa kayana. Ba su da yawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka kamar yaro, ni ma ina yi, ba wanda ya lallashi wani.

"Mai jirgi yana jiran mu," ya ce. "Mu je kawai. Mu yi maganar a can."

"Yana jira. Ku je, ya san da mutum biyu da kare."

"Idan kika tafi yanzu, Mama za ta ce ke kika bar ni. Ba zan ƙara samun bakin kare ki a gidanmu ba. Kin gane? Shi ke nan fa, Duan."

"Na gane."

"Kalma ɗaya ce. Ki ce kin haƙura."

Na rataya jakata. A nan ne na tuna da abin da ban lissafa ba. Kapi yana tsaye a tsakaninmu, yana dubana yana duban sa, bindinsa a ƙasa.

Motar haya ba ta ɗaukar kare. Ko ta ɗauka, ba ni da inda zan kai shi. Ɗakina na asibiti ne, gidanmu kuma yana can wata uwa duniya.

Na durƙusa na rungume wuyansa. Na shafa tabon cinyarsa, layin ɗinkin da na yi ina ɗaliba. Ya lashe min hawaye.

"Ba a ba shi ƙashin kaza," na ce ban ɗago ba. "Kuma hantar nan ta yi yawa, ya fara ƙiba. Ka gaya mata."

Na miƙa wa Teng igiyar. Ya ƙi karɓa, na ɗora masa a hannu na naɗe yatsunsa a kai.

Na fita titi ban waiwaya ba, har sai da na ji kukan Kapi, siririn kukan nan da yake yi duk ranar da zan tafi aiki. Na juya. Yana jan igiya zai biyo ni, Teng ya kasa riƙe shi da kyau. Sai Linchi ta fito daga baranda. Ta durƙusa, ta yi masa magana a kunne, ta karɓi igiyar daga hannun Teng.

Ya ƙara ja sau ɗaya. Sannan ya zauna.

Na tsayar da mai babur na ce ya kai ni tasha.

Ba wanda ya kore ni. Da na ce "to" jiya a baranda, da yanzu ina cikin jirgi kusa da Teng, karena yana haushin tsuntsaye. Na ƙi faɗa, kuma ko yanzu aka sake tambayata ba zan faɗa ba. Abin da hakan ya ci min shi ne mutumin da nake so tun ina ɗaliba, da karen da na ceto da hannuna. Duka biyun na bar su a hannun mace ɗaya, kuma na san za ta kula da su.